Haƙoran Dokin Darakta

Idan ana lissafa masana a unguwar, da Darakta ake farawa, da shi kuma ake rufewa, domin ba ya son a sa kowa a tsakani. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar sanin abu tun kafin a gaya masa. Ka ce masa hadari ya haɗo, zai ce tun jiya ya gani. Ka ce masa matarka ta haihu, zai gyaɗa kai kamar da shi aka yi shawara. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ofis, ya yi ritaya yana mataimakin darakta mai kula da sayen kujeru da labule. Ranar da ya kwashe kayansa, hatta ƙusar da yake rataye kwat ya cire ya taho da ita. Abu ɗaya kawai ya manta a ofishin, kalmar nan "mataimaki". Tun daga ranar kowa Darakta yake ce masa. A bayan idonsa kuwa, masu shagunan bakin titi Na-Riga-Na-Sani suke kiransa, ba don raini ba, don dai babu wanda ya taɓa kai ƙarshen magana a gabansa.

Ritaya ba ta karɓe shi ba. Mutumin da ya saba a miƙe in ya shigo, sai ga shi a falo daga shi sai agogon bango. Matarsa shugabar makarantar firamare ce, tun da safe take fita. 'Ya'ya sun girma, kowa ya kama gabansa. Ya gwada shugabantar kwamitin gyaran kwata na layinsu. Aka yi zama tara, kwata ba ta motsa ba, amma an samu tsarin mulki mai shafi goma sha biyu. Ana nan sai ya ji labarin kulob ɗin mahaya da ke bayan gari, inda manya ke haɗuwa ranar Asabar, su zagaya fili a kan dawaki, su sauko su sha shayi suna kiran juna da muƙaman da suka bari. Sau ɗaya ya je ya gani, ya dawo ya shaida wa matarsa cewa ashe duk shekarun nan ɓata shi aka yi a kan kujera, shi mahayi aka haife shi.

Takalman hawa masu kai gwiwa ya fara saya. Sannan bulala, hular kwano, safar hannu, da wani littafi mai kauri a kan dawaki, wanda ya ajiye a tsakiyar teburin falo, inda baƙo ba zai sami wurin ɗora kofi ba sai a kansa. Daga ƙarshe aka kawo dokin: ja, dogo, mai fari a goshi. Ya raɗa masa Guguwa. Aka mayar da ɗakin ajiya na bayan gida barga, aka ɗauko wani dattijo da ya yi shekara arba'in yana kula da dawakin mutane, wanda kowa ke ce wa Baba mai barga. A ranar farko Darakta ya tsayar da dattijon a rana, ya yi masa bayanin awa guda a kan yadda ake riƙe ragama. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Allah ya ƙara sani, ranka ya daɗe." Darakta bai ga inda za a ƙara ba, amma ya ce amin.

Guguwa bai taɓa ba shi kunya ba. A hankali yake tafiya, kai a ƙasa, kamar mai neman allurar da ta faɗi. In sauran dawaki suka zabura, sai ya ja gefe ya ba su hanya. Darakta kuwa yana bisa sirdi, ƙirji a gaba, yana ɗaga wa mutane bulala kamar mai duba fareti.

Baba mai barga ne ya fara lura. Kullum da safe sai ya tarar da curin ciyawa a ƙasa, an tauna an tofar, jiƙe da yawu. In dokin ya ɗebi hatsi, rabi ta gefen baki yake zubewa. Yana ci yana karkata kai gefe guda kamar mai sauraron gulma. Ba a yi wata biyu ba haƙarƙarinsa suka fito, ɗamarar sirdi sai da aka ƙara mata huda biyu.

"Ranka ya daɗe, dokin nan ba ya ci," in ji Baba.

"Kyan jiki yake yi. Dokin asali ba ya tara teɓa," in ji Darakta, yana gyara bel a ƙarƙashin tasa.

"Haƙori ne, ranka ya daɗe. Haƙorin doki ba ya daina tsiro. In aka daɗe ba a gurza ba, gefen turamen sai ya yi kaifi kamar wuƙa, ya riƙa yanka kunci da harshe. Yunwa yana ji, taunar ce ba ya iyawa. Akwai wata likitar dabbobi da na sani, aikinta ke nan. In ka yarda in..."

"Na sani," in ji Darakta, ya juya.

Bai sani ba. A iya saninsa, haƙori abu ne da ke fitowa sau biyu ya tsaya, kamar ƙarin girma a ofis. Da yamma, da ya tabbatar matarsa tana kicin, ya buɗe littafin nan karo na farko. Sai da ya sa wuƙa ya raba shafukan da shayin baƙi ya manne. Ya sami babin haƙora, ya karanta layi shida, barci ya ɗauke shi. Washegari ya sa aka kira Baba, ya ɗora hannu biyu a baya, ya ce, "Bayan dogon nazari, na gano matsalar dokin nan. Haƙori ne."

"Ikon Allah," in ji Baba.

To, an san ciwo, saura mai magani. Amma kada wani ya ɗauka mutum kamar Darakta zai karɓi sunan likita daga bakin mai kwashe kashin doki. Komai da tsarinsa. Da farko ya nufi wurin likitan haƙoransa shi kansa, domin a ganinsa hannun da ya taɓa shiga bakin Darakta shi kaɗai ya cancanci shiga bakin dokin Darakta. Likitan ya yi dariya, don ya zaci wasa ne. Da ya ga fuskar ba ta wasa ba ce, sai ya dubi kujerar da yake kwantar da mutane, ya dubi ƙofa, ya ce, "Ranka ya daɗe, a hawa na uku muke." Darakta ya sauko yana mamakin yadda matasan yanzu ba su da hangen nesa.

Sai ya koma ga abin da ya fi ƙwarewa a kai. Ya rubuta sanarwa, ya tura wa duk wanda ke da lamba a wayarsa: ana neman ƙwararren likitan haƙoran doki, za a yi tantancewa ranar kaza, ƙarfe goma daidai, ba a karɓar uzuri. Ya kafa kwamiti. Shi ne shugaba. Matarsa ta ƙi zama sakatariya, ta ce tana da yara ɗari huɗu da ke jiranta, don haka shi ne sakataren ma. Aka ba Baba kujerar ɗan kallo, ba shi da ƙuri'a. Sharuɗɗa goma sha huɗu Darakta ya tsara. Na farko shiga ta mutunci, na biyu iya gaisuwa. Sanin doki shi ne na goma sha ɗaya. Shirin nan kwana goma sha biyu ya ci, Guguwa na can baya yana kallon ciyawa.

Mutum uku suka zo. Na farko wani mai yankan kofato ne, ya shigo da ƙatuwar filaya a hannu, ya ce shi ba ya wahalar da kansa, duk haƙorin da ya yi gardama fitar da shi yake yi. Kwamiti ya sallame shi, kuma ya yi daidai, sai dai dalilin da aka rubuta shi ne rigarsa ba ta ga guga ba.

Ta biyu ita ce likitar da Baba ya ambata, wadda ya lallaba ya kira a ɓoye. A wata tsohuwar motar ɗaukar kaya ta zo, ƙofar direba ba ta buɗuwa sai ta waje. Gajeriya ce, da takalman roba masu taɓo, da bokitin ƙarfe cike da dogayen magagarai, kowanne ya kai tsawon hannun mutum. Ta yi sallama, ta gaishe su, ba ta zauna ba.

"Ina dokin?" in ji ta.

Darakta ya dubi sawun taɓon da ke kan dardumarsa, ya yi rubutu a takarda. Ya bayyana mata cewa a nan ba a tsallake mataki. Ya nemi takardun shaida. Ta ce suna rataye a bangon asibitinta, amma ga katin rajista, ta zaro shi daga aljihu a lanƙwashe. Ya sake yin rubutu. Sannan ya jingina da kujera, ya haɗa yatsu, ya jefa mata tambayar da ya kayar da masu neman aiki da ita shekara da shekaru.

"Ina kike ganin kanki nan da shekara biyar?"

"A bakin doki, in Allah ya yarda," in ji ta. "Ranka ya daɗe, akwai saniya tana naƙuda tana jirana. A ba ni minti biyu in leƙa bakinsa kawai."

Darakta ya ce babu mai taɓa dokin sai sakamako ya fito. Ta dube shi, ta dubi Baba, ta ɗauki bokitinta. A bakin ƙofa ta ce wa dattijon a hankali ya riƙa jiƙa abincin ya yi laushi, kuma kada a kuskura a sa masa linzami. A takardar kwamiti an rubuta mata: ba ta da haƙuri, ba ta da buri.

Na uku tun kafin ya shigo turarensa ya yi sallama. Farar rigar likita ce a jikinsa, ko ƙura ba ta taɓa gani ba, balle yawun dabba. Jakar fata a hannu, agogo na walƙiya. Ya rusuna ya miƙa kati da hannu biyu, an rubuta da ruwan zinare: Babban Ƙwararre Kan Ƙawata Murmushin Dawaki. Ya kira mai gidan Darakta Janar. Ya ga littafin kan tebur, ya dafe ƙirji, ya ce a duk yawonsa bai taɓa shiga gidan da aka mallaki wannan littafi ba, ya san yau ya zo gaban malaminsa. Darakta ya ji wani abu mai ɗumi ya ratsa shi. Shekara talatin da ɗaya yana jiran a ƙara masa girma, yau an yi masa biyu a zama ɗaya. Kwamiti ya zauna da kansa, ya yi shawara da kansa, ya amince ba tare da hamayya ba.

Aikin Mai Jaka abin kallo ne. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur a bakin barga, ya jera kwalabe. Ya sa safar hannu, ya sa Baba ya riƙe dokin tamau, shi kuma ya tsaya daga nesa iyakar tsawon hannunsa. Ya ɗaga leɓen sama da yatsa biyu, ya shafa man goge baki a buroshi, ya dirji haƙoran gaba har suka yi kumfa. Ya wanke, ya goge da auduga, ya fesa wani abu mai ƙamshin na'ana'a. Sannan ya ja da baya, ya ce a ɗauki hoto.

"Ciwon yana can ciki, wajen turame," in ji Baba.

"Wannan tsohon yayi ne, Baba," in ji Mai Jaka. "Yanzu daga gaba ake farawa, lafiyar ta bi ta shiga ciki da kanta."

Darakta ya ce daman haka ya karanta. Sau uku Mai Jaka ya zo. A mako na uku haƙoran gaban Guguwa sun fi na kowa fari a gidan, har da mai gidan. Darakta ya tura hoton ga 'yan kulob, da rubutu a ƙasa: kula ba sai an faɗa ba. Hoton daga hanci zuwa haɓa aka ɗauka. Da an ja baya kaɗan, da an ga ƙashin ƙugu ya tsaya kamar abin rataye hula. Baba yana jiƙa dusa da ruwan ɗumi yana ba dokin da hannu, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Abin da ya riƙe ran dabbar ke nan. Sau biyu ya je ya durƙusa a falo ya roƙi a kira matar nan mai bokiti, sau biyu aka tuna masa cewa kwamiti ya riga ya rufe zama.

Ana haka lokacin zaɓen shugaban kulob ya zo. Darakta bai nemi kujerar ba, kamar yadda ya bayyana wa kowa ɗaya bayan ɗaya a waya, kujerar ce ke nemansa. Ya yanke shawarar zai yi jawabinsa daga kan doki, domin a ga shugabanci da ido. Ranar Asabar ɗin Baba ya riƙe linzami a hannu ya ƙi sawa.

"Ranka ya daɗe, ka yi wa Allah. Ƙarfen nan a kan gyambo zai zauna."

"Baba, ana biyan ka ka riƙe doki ne, ba ka riƙe ni ba," in ji Darakta, ya karɓa ya sa da kansa. Dokin ya runtse ido, jikinsa ya yi rawa.

'Yan kulob suna zaune a ƙarƙashin rumfa, kowa da kofinsa, sai ga Darakta ya shigo fili. Tafiyar da ba ta fi taku hamsin ba sai da ta ci minti biyar. Ya tsaya a gabansu, ya gyara hular kwano, ya yi gyaran murya.

"'Yan uwa mahaya! Shugabanci amana ce. Wanda bai iya riƙe dabba ɗaya ba, ina zai iya riƙe ƙungiya? Ku dubi dokin nan. Da na karɓe shi, bakinsa abin tausayi ne. Ban yi gaggawa ba. Na kafa kwamiti, na tantance, na zaɓo gwani daga cikin gwanaye. Yau ga sakamako. Irin wannan kula, irin wannan bin diddigi, shi zan kawo wa..."

Ya ja linzami don dokin ya ɗaga kai a ga haƙoran. Guguwa ya ɗaga. Aka ga haƙora farare tas, aka kuma ga kumfa ja tana ɗiga a kan takalmin mai jawabi. Sai gwiwoyin gaba suka lanƙwashe, na baya suka bi. Ba faɗuwa ya yi ba, kwanciya ya yi a hankali, kamar wanda ya gaji da sauraro. Darakta ya tsinci kansa tsaye a ƙasa, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, doki kwance a tsakani, hannunsa na dama har yanzu a sama.

Wani tsohon alƙali, wanda ya fi kowa daɗewa a kulob ɗin, ya ajiye kofinsa ya taso. Ya durƙusa da ƙyar, ya zare linzamin, ya leƙa bakin, ya kau da kai saboda wari. Bai ɗaga murya ba.

"Dokin nan yunwa ce ke kashe shi, da abinci a gabansa," in ji shi. "Wa ke kula da shi?"

Darakta ya waiga yana neman Baba. Alƙalin ya ce, "Ba shi nake tambaya ba."

An yi zaɓe bayan an sami mutum shida sun tayar da dokin sun sa shi a mota. Darakta ya sami ƙuri'a ɗaya, kuma kowa ya gane rubutun. Ya kira Mai Jaka sau goma sha ɗaya a hanyar gida. Waya a kashe. Adireshin da ke kan katin zinare, da aka bincika daga baya, shagon wankin mota ne.

Matarsa ce ta tare shi a ƙofar gida. Labari ya riga shi isowa. Shekara talatin da biyar tana barin sa ya gama magana, yau ba ta bar shi ya fara ba.

"Baban yara, kwata ka yi wa kwamiti, na yi shiru, don kwata ba ta jin zafi. Wannan rai ne. Na kira likitar, tana hanya. In ta zo, ka tsaya inda aka ce ka tsaya."

Likitar ta iso da bokitinta, ba ta ce kowa ya ba ta haƙuri ba, ba ta ko dubi falo ba. Ta shafa wuyan dokin, ta saurari ƙirjinsa, ta yi masa allurar da ta sa kansa ya yi nauyi. Ta sa masa wani ƙarfe da ke riƙe baki a buɗe, ta ɗaura tocila a goshi, ta wanke bakin da ruwa. Ruɓaɓɓiyar ciyawa ta fito dunƙule-dunƙule. Ta zura hannu har gwiwa, ta daɗe tana lalube. Sannan ta juyo.

"Ranka ya daɗe, kawo hannunka."

Kafin ya tuna cewa ba a ba shi umarni, ta kama hannun ta zura shi can ciki, ta ɗora yatsansa a gefen turmi. Ya fizge da sauri. Yatsan ya tsage, jini ya fito. Ta haska masa kuncin dokin: tsaga-tsaga, wani ya warke wani ya sake buɗewa, harshen ma haka.

"Taɓawa ɗaya ka yi," in ji ta. "Shi da wannan yake tauna tun kafin ka saye shi."

Darakta ya tsaya riƙe da yatsa. Ya dubi idon dokin, wanda ke kallonsa ba tare da tuhuma ba, kuma wannan ya fi tuhumar ciwo. Ya kusa minti guda a haka, kuma masu adalci sun ce a rubuta masa wannan mintin. Daga nan ya gyara tsayuwa, ya ce, "Daidai inda na yi zato."

Likitar ta ɗauki magagari ta shiga aiki. Ƙarar magagari ce ta cika bargar, ƙurus, ƙurus, farin gari yana zuba. Ta canza wannan ta ɗauki wancan, gumi yana bin fuskarta, Baba na tallafe da haɓar dokin a kafaɗarsa. Ta ciro wani guntun haƙori da ya tsage, ta jefa a bokiti. Ba a yi awa ɗaya ba ta gama. Duk bayanin da ta yi, na magani da abinci mai laushi da cewa a riƙa dubawa duk shekara, Baba ta yi wa. Darakta ya tsaya a gefe yana gyaɗa kai a madadin kwamiti.

Kwana uku bayan haka Guguwa ya cinye abincinsa bai zubar da ƙwaya ɗaya ba. A mako na biyu ya fara haniniya da asuba, maƙwabta suka san ashe akwai doki a gidan. A mako na shida haƙarƙari sun ɓace, gashi ya yi sheƙi, wuya ya tanƙwaru, yana tono ƙasa da kofato. Baba ya sassauta ɗamara huda uku, yana murmushi shi kaɗai.

Darakta ma ya murmure. Ya fara ba da labarin yadda ya zaƙulo wata haziƙar likita da babu wanda ya san darajarta, bayan tantancewa mai tsauri. Ya rubuta muƙala, Matakai Bakwai Na Zaɓen Likitan Haƙoran Doki, ya buga kwafi arba'in. Ranar da ya koma kulob, ya raba wa kowa a ƙarƙashin rumfa, har alƙali. Sannan ya sa aka kawo Guguwa, domin a ga aiki a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, a bari in zagaya da shi tukuna," in ji Baba. "Ba dokin da ka sani ba ne."

Darakta ya yi murmushin da ake yi wa wanda bai yi karatu ba. Ya sa ƙafa a likkafa, ya hau, ya taɓa cikin dokin da diddige kamar yadda ya saba yi sau goma kafin a motsa.

Sau ɗaya ya isa. Hular kwano ce ta fara tafiya, bulala ta bi ta. Guguwa ya miƙe a filin kamar an buɗe masa ƙofar kurkuku. A zagaye na farko Darakta yana riƙe da linzami. A na biyu yana rungume da wuya. A na uku ana jin muryarsa tana kiran Baba, tana kiran Allah, tana kiran matarsa da sunan da bai taɓa faɗa a gaban mutane ba. A kusurwar fili, wajen da ake shayar da dawaki, Guguwa ya yi tutsu ɗaya mai kyau, ya ci gaba shi kaɗai, wutsiya a sama. Darakta ya sauka a zaune cikin taɓo. Babu abin da ya karye. Mutum huɗu suka ciro shi, ɗaya daga cikinsu ya goge masa fuska da shafi na uku na muƙalar.

Ya sake gwadawa sau biyu a bayan gida, ƙofa a kulle. Na farko ya sauka a kan tarin ciyawa. Na biyu bai kai ga hawa ba, dokin ya juyo ya dube shi, shi kuma ya tuna yana da waya da zai amsa.

Ranar Litinin ya sa kwat ya tafi asibitin dabbobi da kansa. Ɗaki ne mai benci biyu da warin magani, takardun shaida jere a bango. Babu wanda ya miƙe. Ya zauna tsakanin wata mata mai kyanwa a kwali da wani mutum riƙe da akuya, wadda ta ɗanɗana gefen kwat ɗinsa. Da layi ya zo kansa ya shiga, ya tura ƙofa ya rufe. Likitar tana wanke hannu. Ya yaba aikinta, ya ce ya ambace ta a rubuce. Ya yi tari. Ya dubi ƙofa. Sannan ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Likita, wata 'yar shawara ce, tsakanina da ke. Haƙoran nan da kika gurza... ko akwai yadda za a yi a mayar da su yadda suke? Ba duka ba. Ko rabi."

Ta kashe famfo. Ta ɗauki tawul ta goge hannu yatsa bayan yatsa, tana kallonsa.

"Ranka ya daɗe, dokinka lafiyarsa ƙalau. Abin da ya rage ba a bakinsa yake ba, kuma ba fannina ba ne. Akwai mai koyar da hawa a bayan kulob ɗinku, ajin masu farawa ranar Laraba da yamma. Yawancinsu 'yan shekara bakwai ne, amma suna da kirki, ba sa dariya sosai."

Ta buɗe ƙofa, ta leƙa ta saman kafaɗarsa.

"Mai akuya, shigo."